A saita matakin sirri kafin a zuba takardu a manhaja

Har yanzu abin yana ci mini rai. An ba ni aikin tsara matakan sirri a manhajar adana takardu ta wata ma'aikata a nan birnin Kano, sai na tarar kamfanin da ya yi sikanin takardun, wato ɗaukar hotonsu zuwa kwamfuta, ya riga ya zuba komai a ciki. Fayilolin buɗaɗɗiyar rajista da na rajistar sirri duk suna zaune a matakin da manhajar ta zo da shi, wato marar sirri.

Tsara matakan kansu bai ɗauki lokaci ba. Huɗun nan ne da ma'aikacin gwamnati ya saba gani a hatimin fayil: Taƙaitacce, Na Amana, Sirri, Babban Sirri. Na ba su lamba 20, 40, 60 da 80, marar sirri kuma 0. Na bar tazara da gangan, domin a iya cusa wani mataki a tsakani nan gaba. Lamba manhajar take dubawa: mai izinin 60 yana ganin 60 da duk abin da ke ƙasa.

Wahalar tana wajen gado. A manhajar da muka yi aiki da ita, takarda tana gadon matakin fayil ne kawai a lokacin da aka saka ta. Idan ka ɗaga fayil zuwa Sirri daga baya, takardun da ke ciki suna nan a 0. Akawu ba zai iya buɗe fayil ɗin ba, amma ya rubuta sunan mutum a akwatin bincike, takardar tuhuma ta fito masa ƙarara, tunda sikanin ya karanta har rubutun ciki. Da asusun admin, wato na mai kula da manhajar, ba za ka taɓa gane haka ba, shi komai yake gani. Sai da na buɗe asusun gwaji ɗaya ga kowane mataki sannan ɓarakar ta bayyana.

Gyaran ya ci lokaci. Na fitar da rahoton duk takardar da matakinta ya gaza na fayil ɗinta, na ɗaga su rukuni-rukuni, na sake gina jerin bincike, sannan na bi kundin shiga da fita don ganin wa ya buɗe me. Wannan na ƙarshen ya fi zafi, don abin da ido ya riga ya gani ba ya gyaruwa. Da a ce matakan suna nan kafin a zuba takardun, duk wannan bai taso ba.

Mataki kaɗai ma bai isa ba. Darakta mai izinin 60 ba shi da hurumin ganin bayanan lafiyar ma'aikacin wani sashe, waɗanda dokar kare bayanai ta 2023 ta sa cikin masu buƙatar kulawa ta musamman. Irin waɗannan na ƙara musu rukunin mutane ƙayyadaddu da su kaɗai za su iya ganin su. Wasu manya kuma sun so a buga wa komai Babban Sirri, na ƙi. Aiki zai tsaya, a koma aron kalmar sirrin shiga asusun wani, kuma dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ce hatimin sirri shi kaɗai ba ya hana a saki takarda.

Yanzu duk wanda zai zuba takardu, sai ya fara da fayil goma, na gwada su da asusun mataki 0, sannan ya ci gaba.