Igiyar da ke gindin dan bong

Sai da na shiga shekara ta uku ina koyon Hapkido, wani salon faɗan kare kai na Koriya, a birnin Daegu na Koriya ta Kudu kafin malaminmu ya damƙa mini sanda a hannu. Karatu ne ya kai ni garin, sanyin hunturu da zaman kaɗaici kuma suka kai ni dojang, wato zauren horo, a hawa na uku na wani bene. Daegu gidan Hapkido ne. A nan Choi Yong-sool, wanda ake ɗauka uban wannan fanni, ya zauna bayan ya dawo daga Japan da ƙarewar Yaƙin Duniya na Biyu, a nan ya yaye ɗalibansa na farko, ya kuma rasu a 1986.

Sunan sandar dan bong. Da Koriyanci "dan" gajere ne, "bong" kuma sanda, ko da yake kunnen Bahaushe "ɗan" yake ji, kuma ma'anar ba ta yi nisa ba. Tsawonta tsakanin santimita 30 da 35, kaurinta kamar na muciya, itacen mai tauri. An huda gindinta, an zura igiya an ƙulle bakinta biyu. 'Yan Kuk Sool Won, wani salon faɗan Koriya dabam, su ma suna aiki da ita, tare da jung bong matsakaiciya da jang bong doguwa.

Da na ga igiyar, na ɗauka maratayi ce, irin ta tocila. Na zura hannuna har wuyan hannu, na ƙara naɗe ta sau biyu ta kama tsam, ina tuna yadda ɗan dambe ke naɗe kara a hannunsa kafin ya shiga fage. A tunanina ba mai iya ƙwace ta ke nan. Malam, wanda muke kira Sabomnim, ya dubi hannuna, ya kira abokin horona, wani direban bas da ya girme ni da kusan shekara goma sha biyar, wanda nake kira hyong, wato yaya. Ya ce masa ya kama bakin sandar ya juya a hankali.

A hankali ɗin ya juya. Igiyar ta murɗe ta shige cikin fata, na buɗe tafin hannuna don in saki sandar, ta ƙi rabuwa da ni. Duk inda ya kai ta, gwiwar hannuna da kafaɗata suka bi, sai ga ni a durƙushe ina buga cinya da ɗaya hannun alamar ya isa. Hyong ya saki nan take yana ba ni haƙuri. Kwana huɗu shatin igiyar na nan ja a wuyan hannuna, in na dafa ƙasa zan yi sujada sai na ji shi.

Sabomnim ya ɗaga babban yatsansa, ya rataya igiyar a kansa kaɗai, sandar na reto ta bayan hannu. Ya juya hannun, igiyar ta kwanta a bayan hannunsa, gindin sandar ya faɗo cikin tafinsa daram. Ya ce wa hyong ya ja. Da aka ja, sai ya buɗe hannu kawai, igiyar ta zame daga yatsan, hyong ya yi taga-taga da sanda a hannu, malam kuwa hannuwansa biyu a sake. Ya ce mini, "Sanda ta tafi, a sayi wata. Hannu fa?" Daren nan sau uku ya kwance ƙullin igiyata yana sake aunawa, domin in ta yi tsawo sandar lilo take yi, in ta gajarta ta shaƙe yatsa. Kowa da awon hannunsa.

Abin da ya fi cin mini lokaci shi ne gane cewa igiyar tana nan ne don in sassauta riƙo. Dan bong ba gora ba ce, ba ta da nauyin da za ta yi aiki da kanta. Ƙarfinta a saurin wuyan hannu yake. Ana riƙe ta sako-sako, a wurga ta kamar bulala, sai daidai lokacin da za ta sauka a matse ƙananan yatsu. Wanda ba shi da igiya tsoron kada ta kuɓuce yake sa shi ƙanƙame ta, hannu ya sandare, duka ya mutu tun a hanya. Wata biyu na yi ina dukan tsohuwar taya da aka rataye a kusurwa, ina jin "dum, dum", alhali ta malam "tas" take cewa. Ranar da tawa ta fara cewa "tas", na lura kafaɗata ba ta gaji ba.

Wuraren da aka koya mana nufa su ne bayan hannu, wuyan hannu, gwiwar hannu da ƙwauri. Kai da wuya an hana mu su a horo, kuma na yarda da hanin har zuciyata, don na ji abin da taɓawa kaɗan take yi a ƙashin wuyan hannu. Sauran aikin murɗe gaɓoɓi ne, irin wanda muka shekara muna yi da hannu tsura, sai dai yanzu itace ne ke danna ƙashi. Shi ya sa makarantu da yawa ba sa ba da ita sai ga mai baƙar ɗamara. Wanda bai iya kewaya ƙarfin abokin karawa ba, abin da suke kira won, sandar ba za ta koya masa ba.

Akwai darasin da ya sanyaya mini jiki. An shafa wa wuƙar roba jan alli, aka ba hyong ya kawo mini farmaki da gaske. Kusan kowane zagaye sai na sami jan layi a hannun riga ko a ciki, har a lokutan da na ga kamar na yi nasara. Zagayen da na fita fes su ne waɗanda na bugi hannunsa sau ɗaya na ruga bakin ƙofa. Su kaɗai malam ya yaba. Ina jin ciwo in na ga ana nuna wa matasa ƙwace wuƙa kamar wasan yara, domin wanda ya gaskata hakan ransa ya sa a faifai.

Ban taɓa fita titi da dan bong ba, a jakar horo take kwana. Amma a damina ta ƙarshe da na yi a Daegu, cikin ruwan watan Yuli da suke kira jangma, ina tsaye a tashar bas da 'yar lema mai naɗewa, na dubi hannuna na ga igiyarta a kan babban yatsana, ta bi ta bayan hannu, gindin lemar yana cikin tafina.