Sake gina ɗakin girki bayan ruwa ya ci gida

A garuruwan da ke bakin kogin Haɗeja, irin su Ringim da Auyo da Miga da Kafin Hausa, da wuya watan Agusta ya wuce ba a ji labarin ruwa ya shiga gidaje ba, kuma ambaliyar 2022 har yanzu ba ta fita daga zukatan mutane ba. In ka shiga gidan da abin ya shafa, ɗakin girki ne ke fara durƙushewa. Dalili kuwa, shi ne ginin da aka fi rainawa. Da ragowar tubali ake yin sa, ba a haƙa masa harsashi, sau da yawa ma daɓensa daidai yake da tsakar gida ko ƙasa da ita.

Ruwa ba ta sama yake kayar da ginin ƙasa ba, ta gindi yake ci. Ƙasar ƙasan bango ta jiƙe ta yi laushi, nauyin sama yana nan yadda yake, sai bango ya zauna. Shi ya sa ake samun ɗakin da ya tsaya lokacin ambaliya, amma ya faɗi bayan ruwa ya janye da kwanaki. Kada a bar mata da yara su shiga kwashe kaya kafin a duba. A kashe wuta daga mita in gidan na da lantarki, a tokare azara da itace mai ƙarfi, a kuma riƙa taɓa kaya da sanda tukuna, don macizai da kunamu ma tudu suke nema.

Duban bango ba wuya. A ɗaura dutse a igiya a sako shi daga saman bango, za a ga ko ya karkata. A sa tsinin adda a gindinsa a ji inda laushi ya tsaya. Idan ruwa ya cinye kusan kashi ɗaya cikin uku na kaurinsa, ko akwai tsagar da yatsa ke shiga wadda ta taso daga ƙasa zuwa sama, a rushe kawai. Na san abu ne mai ciwo ga wanda ruwa ya cinye masa gona, amma ɗakin da uwargida ke yini a ciki da goyo ba wurin gwada sa'a ba ne.

Kayan abinci kuwa, duk gero ko dawa ko garin da ruwan ambaliya ya taɓa a zubar, domin ruwan ya biyo ta masai da turken dabbobi. Hatsin da ya yi fumfuna yana iya kasancewa ɗauke da gubar da dafuwa ba ta kashewa, kuma bai dace a ba kaji ko awaki ba. Tukwanen ƙarfe da kwanoni da robobi a wanke da sabulu, sannan a tsoma su a ruwan Hypo, gwangwanin madara ɗaya a lita biyar na ruwa, a bar su minti goma a ɗauraye a shanya. Kada a haɗa shi da wani maganin wanki. Muciya da ludayi da ƙoƙo da faifai suna shan ruwa, sabonsu ya fi. Turmi a kankare cikinsa a zuba tafasasshen ruwa a kifa shi a rana. Rijiyar da ruwa ya shafe bakinta a kwashe ta a sa mata kulorin, duk da haka a riƙa tafasa ruwan sha, saboda amai da gudawa a irin wannan lokaci yake ɓullowa.

Babban kuskuren da ake yi shi ne gaggawa. Ruwa na janyewa sai a kwaɓa siminti a shafe gindin bango don ya yi kyan gani. Siminti a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa kulle danshi yake yi a ciki, bango ya ci gaba da ruɓewa ba a gani, wata rana filastar ta ɓanɓaro gaba ɗaya ta taho da ƙasa. A kafa rumfar zana a wurin da ya fi tudu a gidan a yi girki a can, a bar gini sai damina ta ɗauke. Iskar hunturu daga Nuwamba ita ce ke busar da bango har ciki. Mai son ya tabbatar, ya manna leda a jikin bango da yamma ya toshe gefunanta. In da safe ta yi gumi a ciki, da saura.

To, in an zo gini, kuɗin da ke hannu a zuba shi a ƙasa. Ɗauki ɗakin girki mai ƙafa 10 da ƙafa 8. A haƙa harsashi zurfin ƙafa biyu, ko har a tarar da ƙasa mai tauri. A zuba kankare kaurin inci shida: buhun siminti ɗaya, kwanon sarki shida na yashi, sha biyu na tsakuwa. A kansa a jera bulo mai inci tara layi huɗu, biyu a binne, biyu a sama. Kowane layi zai ci bulo 23 zuwa 24, don haka a sayi ɗari. Idan shaidar da ruwa ya bari a bangon maƙwabta ta fi layi biyun nan tsawo, a ƙara layi, wannan shaidar ita ce ma'auni, ba ra'ayin magini ba. A cike ramukan bulon da kankare. A kuma gwada bulo kafin a biya, wanda gefensa ke marmashewa in an murza da yatsa yashi ne kawai, ruwa zai narkar da shi. Da hunturu siminti saurin bushewa yake yi, sai a riƙa yayyafa ruwa safe da yamma har kwana bakwai.

A saman layin ƙarshe a shimfiɗa leda mai kauri, faɗinta daidai da bango, tukuna a ɗora tubali. Ita ce ke hana danshi hawa. Daga nan zuwa sama tubalin ƙasa ya wadatar, ya ma fi bulo sanyi a bazara, muddin an cakuɗa shi da ciyawa ya bushe sarai. Yaɓensa a yi da ƙasa da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, kamar yadda maginan gargajiya suka saba, a sabunta duk shekara kafin ruwa ya sauka.

Cikon ɗaki a yi da jar ƙasa, inci shida-shida, ana yayyafa ruwa ana daɓewa kafin a ƙara. Wanda ya juye gaba ɗaya ya daɓe sama kawai, daɓensa zai lotsa a daminar farko. A ɗan karkata shi zuwa ƙofa don ruwan wanke-wanke ya fita. Murhu a ɗora shi a dakali, buhunan hatsi a kan katako da aka ɗaga da bulo, nesa da bango kamar taƙi guda saboda gara.

Rufin kwano ya zarce bango da ƙafa biyu ta kowane gefe. In soro ne, indararo ya yi tsawon da zai zubar da ruwa nesa da gindin gini, a sa duwatsu inda yake sauka. A bar tagogi biyu can sama suna kallon juna don hayaƙi, idon mai girki da ƙirjinta sun sha wuya isasshe.

Saura tsakar gida. A ƙauyuka da yawa hanya ta yi ta tashi da ciko har ta fi gidaje tudu, ruwan waje ke shigowa maimakon na ciki ya fita. A zuba bokitin ruwa a ƙofar ɗakin girki a bi shi a ga inda ya nufa. In ya kwanta, a ƙara ƙasa ta wannan ɓangaren, a faɗaɗa rariya, a yi magana da maƙwabta da mai unguwa a yashe magudanar layin tun watan Mayu.