Sana'ar Batirin Mota a Tsakiyar Hunturu

A ƙaramin kamfaninmu na sayar da batirin mota da duba lafiyarsa, babu lokacin da aiki ke yi mana yawa kamar makon da sanyi ya kankama, domin a lokacin ne masu motoci ke wayar gari su murza makulli, kik ya ja da ƙyar sau ɗaya ko biyu, sannan ya yi tsit. Akasarinsu suna zuwa ne da niyyar sayen sabo, ni kuwa na kafa wa ma'aikatana doka cewa ba za a sauko da sabon batir daga kanta ba sai an auna tsohon.

Batirin dalma da asid, wanda Gaston Planté ya ƙirƙiro a Faransa a 1859, yana samar da wuta ne ta hanyar haɗuwar sinadarai, kuma sanyi yana rage wa wannan haɗuwa kuzari. A daidai lokacin ne kuma baƙin mai ke yin kauri, inji ya ƙara nauyi, don haka ana neman ƙarfi mai yawa daga batirin da ƙarfinsa ya ragu. Saboda wannan ne ake rubuta lambar CCA a jikinsa, wadda ke nuna yawan wutar da zai iya bayarwa na daƙiƙa 30 a sanyin digiri 18 ƙasa da sifiri ba tare da ya sauka ƙasa da volt 7.2 ba.

Idan muka ɗora mita a kan batirin da ya kwana ba a tayar da motar ba, muka ga volt 12.6, to cike yake, 12.2 kuwa yana nufin kusan rabin cajin ya tafi. Daga nan sai mu tayar da inji mu duba altaneta, na'urar da ke cajin batir idan inji na aiki, wadda ya kamata ta riƙa ba da wajen volt 14. Sau da yawa laifin ba na batir ba ne, na yadda ake hawan motar ne: gajeriyar tafiya ta 'yan mintuna, ga fitilu a kunne, ga na'urar ɗumama mota da ta gilashin baya duk suna jan wuta, altaneta ba ta samun sararin mayar da abin da kik ya cinye. Irin wannan batir caji yake buƙata, kuma na fi son in rasa cinikin yau da in sayar wa mutum abin da zai sake mace masa kafin sanyi ya wuce.

Cikar caji ita ce babbar kariya. Ruwan batirin da ya cika yana da asid mai ƙarfi, ba ya daskarewa sai sanyi ya zarce digiri 50 ƙasa da sifiri, amma na wanda ya ƙare ya kusa komawa ruwa zalla, ɗan sanyi kaɗan ƙasa da sifiri ya isa ya mayar da shi ƙanƙara. Idan aka kawo mana wanda gefensa ya kumbura ko jikinsa ya tsage, ba ma jona masa waya, ba ma kuma sa shi a caji, domin yana iya fashewa.

Akwai kuma farin garin nan mai ratsin shuɗi da ke taruwa a kan batir, wurin da ake ɗaure waya, har ya hana wuta wucewa yadda ya kamata. Mukan fara kwance wayar da ke da alamar ragi, mu goge kan da burushin ƙarfe har dalmar ta fito fes, mu ɗaure tam, sannan mu shafa ɗan giris. Batirin da ya haura shekara uku kuwa, musamman wanda ya sha zafin bazara, tun da zafi ne ke cin farantan dalmar da ke cikinsa a ɓoye, mukan nemi mai shi ya kawo a gwada shi da na'urar ɗora nauyi, wadda ke jan wuta daga gare shi don a ga ƙarfinsa, tun kafin sanyi ya shigo. Wanda zai ajiye mota makonni ba ya hawa, mukan ba shi shawarar ya jona ƙaramar cajar da ke tsayawa da kanta idan batir ya cika.