Daren da na tilasta wa Ubuntu yin rubutu a ɓangaren Windows

Na shekara biyu da kwamfuta mai ɗauke da Windows da Ubuntu (wani nau'in Linux), kuma na ware wani ɓangare na faifan ajiya mai tsarin NTFS (tsarin adana fayiloli na Windows) domin su yi tarayya a kansa, tunda Windows ba ya karanta ext4, tsarin adana fayiloli na Linux, da kansa, Linux kuwa yana karanta NTFS ta hanyar wata manhaja mai suna ntfs-3g. Komai lafiya lau, sai daren da na dawo daga kamun ƙanwata da katin kyamara cike da hotuna.

Ubuntu ya buɗe ɓangaren, amma don karantawa kawai, tare da gargaɗin cewa Windows bai sake shi ba. Da yake na san da hannuna na kashe Windows, sai na ɗauki gargaɗin a matsayin rigimar banza, na kunna ntfsfix, manhajar gyaran NTFS ta Linux, ƙofa ta buɗe, na kwafe hotunan, sannan na goge katin saboda washegari akwai ɗaurin aure. Goge katin nan ne har yau yake ci mini tuwo a ƙwarya.

Abin da ban sani ba shi ne, tun daga Windows 8 a 2012, kashewar da muka saba yi barci ce kawai. Tsarin Fast Startup, mai sa kwamfuta saurin tashi, yana adana halin da Windows yake ciki a fayil ɗin hiberfil.sys, har da abin da ya tuna game da faifan. Da na koma Windows bayan kwana biyu, sai ya farka da tsohon lissafinsa, bai san an ƙara komai ba, ya ci gaba da rubutu a wuraren da yake zaton babu kowa. Abin da chkdsk, mai duba faifai na Windows, ya tsamo mini a jakar found.000 guntaye ne marasa suna, kuma galibinsu sun ƙi buɗewa.

Yanzu na kashe barcin gaba ɗaya da umarnin powercfg /h off. A kwamfutar wani kuwa, ina danne Shift yayin kashewa, ko in zaɓi Restart, domin su ne suke rufe faifan da gaske. Idan Ubuntu ya ce karatu kawai, karatun nake yi in fita, kuma ba na goge kati sai na buɗe hotunan ta Windows da Ubuntu duka. Hotunan kamun kuwa, daga wayoyin ƙawayen amarya na roƙo su ɗaya bayan ɗaya.