Makin da na ba mai zaƙin baki

Har yau in na tuna makin da na ba yaron nan sai raina ya sosu. Maki 18 cikin 20, da hannuna na rubuta, babu wanda ya sa ni.

Ɗaliban tarihi ne 'yan aji biyu a kwalejin ilimin da nake koyarwa. Cikin maki 40 na aikin zango na ware 20 don jawabin baka: kowa ya fito gaban aji ya yi minti biyar kan wani ɓangare na jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Su 54 ne, kwana uku muka yi muna abu ɗaya.

Shi ya fito ranar farko da hantsi, kaftani a goge, murya kamar mai karanta labarai a rediyo, Turanci na zuba babu gargada. Ko kallon takarda bai yi ba. Aji ya ɗau tafi, ni ma na gyaɗa kai. Wata yarinya kuwa sai rana ta uku bayan azahar layi ya zo kanta, babu wuta, zafi ya ishi kowa, ni kaina na ƙosa a tashi. Tana da in'ina, muryarta ba ta wuce benci na uku. Na ba ta 9.

Bayan na liƙa maki ta same ni a ofis, ta rusuna ta ce, "Malam, don Allah ina so in san inda na kuskure, in gyara." Na buɗe takardata, babu komai a gaban sunanta sai 9. Ko kalma ɗaya ban rubuta ba. Kunya ta rufe ni.

Allah ya taimake ni shugaban aji ya naɗi jawaban duka a wayarsa. Da dare na zauna na saurara, ba kaftani, ba tafi. Ashe yaron cewa ya yi Shehu ya yi hijira daga Gudu zuwa Degel, alhali daga Degel ya tashi zuwa Gudu a 1804. Ya ce a shekarar aka ci Alƙalawa, babban birnin Gobir, ita da sai 1808 ta faɗi. Ina zaune a gabansa ya faɗi wannan, ina gyaɗa kai! Ita kuma a kan Nana Asma'u da 'yan taru, wato ƙungiyar ilimantar da mata da Nana ta kafa, ta yi magana: yadda ake naɗa jaji, wato shugabar ayarin matan, a ba ta malafa, yadda jajoji ke jagorantar matan ƙauye zuwa ɗaukar karatu, da yadda waƙoƙin Nana na Fulatanci da Hausa suka zama abin koyarwa. Komai a muhallinsa. Kunnena ne bai jure in'inar ba.

Dare huɗu na yi ina sake duba jawaban duka 54, sannan na je na yi wa shugaban sashe bayani da bakina. Makinta ya koma 16, nasa ya sauko 11. Da ya zo yana huci ya ce, "Malam, ai kai ka ba ni," ban iya musa masa ba, don gaskiya ya faɗa.

Yanzu ba na shiga aji sai da takardar rabon maki, kuma ina karanta wa ɗalibai ita tun mako guda kafin ranar: 10 na ingancin abin da aka faɗa, 4 na tsarin jawabi, 3 na amsa tambaya, 3 na murya da tsayuwa. Ban raina murya ba, waɗannan malaman gobe ne, dole na bayan aji ya ji su, amma ba zan ƙara bari ta cinye makin ilimi ba. Tambayar nan guda ɗaya da nake yi wa kowa a ƙarshe ita ke tona wanda ya yi hadda kawai. Da na tambayi yaron nan ina Degel take, da tun ranar na gane. Ba na wuce mutum 15 a rana, ƙuri'a ke fitar da wanda zai fara, kuma ba na rubuta lamba sai na rubuta dalilinta a gefe, ko da layi ɗaya ne.

Abin da bai gyaru ba shi ne ajin da ya saurare shi. Na tsaya na gyara musu zancen hijirar a allo, amma da jarrabawar ƙarshen zango ta zo, mutum bakwai suka rubuto mini daga Gudu zuwa Degel.