Fushina gaskiya ne, bidiyon ne ƙarya

Jiya da la'asar ɗan ƙanina ya miƙo min wayarsa, fuska a murtuke, ya ce, "Baffa, dubi abin da suke yi mana." Ɗan gajeren bidiyo ne, bai kai rabin minti ba: wasu fararen fata biyu sun danne wani baƙar fata a bakin titi. Babu sunan gari, babu kwanan wata, ba a ga yadda rigimar ta faro ba. Ya riga ya rubuta nasa sharhin a sama, babban yatsansa yana kan alamar turawa. Na tambaye shi wace ƙasa ce. Ya ce Amurka mana. Na ce ta yaya ka sani? Ya ce, "Haba Baffa, ai ba sai an faɗa ba." Wannan amsar ce ta zaunar da ni rubutu, domin ita na yi shekaru ina bai wa duk wanda ya tambaye ni.

A watan Satumban 2019, lokacin da aka far wa baƙi 'yan Afirka a Johannesburg da Pretoria, na tura wani bidiyo na bene yana ci da wuta, mutane suna faɗowa daga sama. Rubutun da ya zo da shi ya ce 'yan Afirka ne ake ƙonawa a Afirka ta Kudu. Na ƙara nawa kalaman masu zafi, na watsa shi a duk inda nake da murya. Ashe gobara ce da aka yi a birnin Surat na ƙasar Indiya a watan Mayun wannan shekarar, a wata cibiyar koyar da ɗalibai, inda mutum 22 suka rasu. 'Ya'yan wasu ne suka mutu a can, ni kuma na ɗauki mutuwarsu na yi hujja da ita a rigimar da ba su san da ita ba. Da na ɗaga sautin na saurari harshen da ake ihu da shi, da na dubi taron mutanen da ke tsaye a ƙasa, da na yi shakka. Ban duba ba, saboda na riga na san amsar da nake so.

Har yau akwai ɓangaren zuciyata da ke kare kansa. Ai hare-haren sun faru. An fasa shaguna, an ƙona dukiya, mutane sun kwana a ofisoshin 'yan sanda don tsira da rai. A 2008 an kashe sama da mutum 60 a irin wannan tarzoma. Wanda ya san wannan tarihi, ya ga bene yana cin wuta, me za a ce ya yi? Amma alƙaluman da gwamnatin Afirka ta Kudu ta bayar a 2019 sun ce mutum 12 suka mutu, kuma 10 daga cikinsu 'yan ƙasar ne. Mu kuwa a wayoyinmu kisan kiyashi muke ta yayatawa. A Najeriya da Zambiya fusatattun matasa sun auka wa shagunan kamfanonin Afirka ta Kudu, alhali masu aiki a ciki 'yan ƙasa ne masu neman na abinci. Ba zan ce bidiyona ne ya jawo ba. Ba zan kuma iya rantsuwa cewa bai ƙara ko itace ɗaya a wutar ba.

Kuma ba a ce ban samu gargaɗi ba. A watan Janairun shekarar, wani guntun bidiyo ya fito daga Washington: ɗalibi farar fata ɗan shekara 16 yana tsaye yana murmushi gaban wani dattijo ɗan ƙabilun asali na Amurka mai buga ganga. Duniya ta yanke masa hukunci kafin gari ya waye, ni ma na yanke. Da cikakken bidiyon ya fito, sai ga wata ƙungiya ta uku da ta daɗe tana zagin ɗaliban, sai ga shi dattijon ne ya tako zuwa inda suke. Daga baya CNN da Washington Post suka sasanta da yaron a ƙarar da ya shigar. A wannan watan dai ɗan wasan kwaikwayon nan Jussie Smollett ya ce an kai masa harin wariyar launin fata a Chicago. Na yi rubutu mai tsawo a kai. A 2021 kotu ta same shi da laifin yi wa 'yan sanda ƙarya, a 2024 kuma kotun ƙolin jihar Illinois ta soke hukuncin, bisa dalilin yarjejeniyar da masu gabatar da ƙara suka riga suka yi da shi tun farko. Sau biyu a wata guda na yi tuntuɓe, kuma bayan wata takwas na koma na taka wuri ɗaya.

Abin da ya fi cin raina shi ne gyaran. Da na gane na Surat ne, sai na goge a shiru. Waɗanda suka gani sun riga sun tura gaba. Wani bincike da masana na jami'ar MIT suka wallafa a 2018, bayan nazarin labarai kusan 126,000 a Twitter, ya nuna labarin ƙarya ya fi na gaskiya samun masu sake turawa da kashi 70 cikin 100, kuma na gaskiya yakan ɗauki ninki shida na lokaci kafin ya kai ga mutum 1,500. Wato ko da na fito fili na gyara, gyaran da ƙafa zai bi abin da ya tafi a mota. Ni ko ƙafar ban sa ba.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ce to a daina turawa, a jira hukuma. A ranar 25 ga Mayun 2020, sanarwar farko da 'yan sandan birnin Minneapolis na Amurka suka fitar kan George Floyd, wani baƙar fata da ya mutu a hannunsu, cewa ta yi mutumin ya rasu bayan wata matsalar rashin lafiya yayin da ake kama shi. Babu maganar gwiwa a wuya. Yarinya 'yar shekara 17 ce ta tsaya ta ɗauki bidiyon, mutane suka yi ta turawa, har aka kai ga ɗaure ɗan sandan da ya danne masa wuya da gwiwa, Derek Chauvin, shekara 22 da rabi. Da kowa ya riƙe yatsansa, da sanarwar nan ce ta zama tarihi. Wannan ne ya sa ba na iya tsine wa abin da na yi gaba ɗaya. Zafin da ya sa na tura ƙarya, shi ne ya sa wasu suka tura gaskiya. Bambancin shi ne bidiyon yarinyar dogo ne, ba a yanka shi ba, an san titin, an san ranar, an san wadda ta ɗauka.

Akwai wani kuskuren da ban ma ɗauke shi kuskure ba sai daga baya: auna kowace ƙasa da mudun Amurka. A can an daɗe ana ɗaukar duk wanda ke da ɗigon jinin baƙar fata a matsayin baƙi, har jihar Virginia ta yi doka a 1924 da ta haramta wa farar fata auren wanda ba farar fata ba, sai a 1967 kotun ƙoli ta rushe irin waɗannan dokoki. A Afirka ta Kudu dokar rajistar jama'a ta 1950 ta ware wani rukuni daban da ake kira "Coloured", kuma har yau miliyoyin mutane da wannan sunan suke kiran kansu, alhali a Amurka kalmar cin fuska ce. A Burazil ƙidayar 2022 ta nuna masu kiran kansu ruwa biyu su ne rukuni mafi yawa, kusan kashi 45 cikin 100. Na sha yi wa mutane wa'azi kan abin da ya kamata su kira kansu, ban san tarihin ƙasarsu ba. Yanzu ina ganin yara suna yin haka da ƙarfin hali, sun kwaso kalmomi daga bidiyon minti ɗaya, ko sunan dokar ɗaya ba za su iya kawowa ba. Ku karanta mana! Wayar da kuke zagi da ita, ita ce dai ke ɗauke da tarihin.

Ku kuma san akwai masu cin riba da fushinku. Takardun cikin gida na Facebook da suka fito a 2021 sun nuna akwai lokacin da manhajar take ba alamar fushi da sauran alamomin motsin rai nauyi ninki biyar na alamar so wajen zaɓar abin da za a nuna wa mutane. Tun 2023 dandalin X, wato tsohon Twitter, yake biyan wasu masu shafi kuɗi gwargwadon yadda ake cincirindo a rubutunsu, kuma babu abin da ke tara jama'a kamar rigimar launin fata. A watan Maris na 2020 Facebook da Twitter sun rufe wasu shafuka da ake gudanarwa daga Ghana da Najeriya, masu alaƙa da Rasha, aikinsu rura wutar wariyar launin fata a tsakanin Amurkawa. Wani yana karɓar albashi, kai kana yi masa dako kyauta.

Na so in jero muku shawarwari goma. Da na tace, kaɗan suka rage.

Kada ka tura bidiyon da ba ka san garinsa da ranarsa ba. Nemo su ba ya cin minti biyar. Tsayar da bidiyon a wuri uku, farko da tsakiya da inda wani gini ko allo ya fito sosai, ka ɗauki hoton fuskar wayar. Yanke rubutun da aka lanƙwaya a sama da ƙasa, domin shi ke rikitar da bincike. Sa hoton a manhajojin binciken hoto, Google Lens, sannan TinEye, inda za ka iya jera sakamakon daga mafi daɗewa. In ka ga hoton ya taɓa fitowa kafin ranar da aka ce abin ya faru, magana ta ƙare. In ba ka ga komai ba, juya hoton dama ta koma hagu ka sake gwadawa, don masu wannan sana'a sukan juya bidiyo. Dubi lambar mota, kakin 'yan sanda, rubutun alluna, da hannun da motoci ke bi: Amurka dama, Birtaniya da Afirka ta Kudu da Indiya hagu. A Facebook shiga bayanan shafin, za ka ga ranar da aka buɗe shi da sunayen da ya taɓa sauyawa. A WhatsApp, kibiya biyu a saman saƙo na nufin ya bi hannu da yawa, wanda ya turo maka bai san mafarinsa ba. Rashin samun tsohon kwafi kuma ba shaida ba ce, yanzu da ake ƙirƙirar bidiyo da kwamfuta daga babu.

Suna kuwa, kada ka taɓa yaɗa sunan wanda ake zargi a ranar farko. A ranar 29 ga Yulin 2024 an kashe yara mata uku a Southport ta Ingila. Cikin sa'o'i aka yaɗa wani sunan ƙarya, aka ce Musulmi ne mai neman mafaka. Washegari aka jefi masallacin garin, daga baya aka kai hari otal-otal da aka sauke masu neman mafaka. Wanda ya yi kisan haifaffen birnin Cardiff ne na Birtaniya. Waɗanda suka tura sunan nan ma cewa suka yi ba sai an faɗa ba. Jira kwana guda.

In kuma a gabanka abin ya faru, kada ka jira komai. Ɗauka ba tare da tsayawa ba, faɗi wurin da ranar da bakinka a ciki, ajiye asalin fayil ɗin, domin wanda ya bi ta WhatsApp an matse shi, bayanan ɗaukarsa sun goge.

Ka daina musu da baƙin shafuka marasa fuska, ɓata lokaci ne, wasunsu ma aiki suke. Amma in babba a cikinku ya turo ƙarya, kada kunya ta rufe maka baki: bi shi ta gefe da ladabi, ka nuna masa asalin hoton, ka bar shi ya gyara da kansa. In kai ne ka tura, koma duk inda ka sa shi ka rubuta cewa ba daidai ba ne, ga inda ya fito. Gogewa a shiru ba gyara ba ce, ni na yi na gani.

Ni da yaron mun ɗauki hotuna uku daga bidiyonsa, muka bincika, ba mu samu garin ba, ba mu samu ranar ba. Ya ce, "To Baffa, in gaskiya ne fa?" Na ce in gaskiya ne, gobe ma gaskiya ne, kuma zuwa goben wani zai faɗi sunan titin. Ya tsuke baki, ya sa wayar a aljihu, sharhin nasa yana nan bai goge ba.