Godiya ga Jama'ar Ƙauyukan Baturiya Bayan Kammala Bibiyar Sheƙunan Suda

Assalamu alaikum. Cikin ikon Allah mun kammala aikin bibiyar sheƙunan suda da muka fara tun saukar ruwan fari a gonakin da ke bakin dajin Baturiya, a Ƙaramar Hukumar Kirikasamma, kuma ya wajaba in fito fili in gode wa waɗanda suka dafa mana.

Ina fara da dagaci da masu unguwanni, Allah ya ja zamaninku, da kuma malam liman wanda ya yi wa jama'a bayani bayan sallar Juma'a, har aka daina yi mana kallon masu auna filaye.

Amma nauyi mafi girma manoma ne suka ɗauka. Suda ba ta hawa can ƙololuwar itace. A ƙaramar magarya ko aduwa ko kurmin sabara take saƙa sheƙarta da saiwoyi da siraran tsinke, sau da yawa inda hannun yaro ma zai kai. Ƙwai biyu ko uku take yi, ta yi kwanci kusan mako biyu, sannan 'ya'yan su ƙara kamar wani mako biyun kafin fiffikensu ya yi ƙwari. Ke nan sai an bar itacen wajen wata guda ba a sare ba, ba a kuma girgiza shi ba, daidai lokacin noman fari da maimai, lokacin da kowa ke son gonarsa fes. Iyayenmu manoma, kun kewaye waɗannan itatuwa da fartanya kun bar su a tsakiyar gero, tun kafin mu nuna muku yawan fara da ƙwari da tsuntsuwar ke kwashewa tana kai wa 'ya'yanta.

Makiyaya sun riƙa kauce wa wuraren da shanunsu. Yaran gari kuwa sun ajiye danƙo, suka koyi ƙa'idar aikin da kyau: ba a taɓa ƙwai, ba a daɗewa a gindin sheƙa, kuma ba a bin hanya ɗaya kullum, domin sawun da aka tattake yana iya jawo mage da sauran masu cin ƙwai. Wasu sheƙunan, maciji ko hankaka sun cinye abin da ke cikinsu, wasu iskar hadari ta zubar, kuma duk mun rubuta, don asarar ma tana cikin abin da ake son sani.

Tun da aka saka dausayin Baturiya cikin jerin Ramsar, wato jerin dausayoyi masu muhimmanci a duniya, a 2008, hankalin baƙi ya fi karkata ga tsuntsayen ruwa masu zuwa daga Turai lokacin sanyi. A ganina, tsuntsayen da ke hayayyafa a gonakinmu sun cancanci irin wannan kulawa.

Bayan an gama kaka za mu karanta muku sakamakon a ƙofar dagaci. Wanda ya ga sheƙar da ta makara kafin nan, don Allah ya sanar da mai unguwarsa. Allah ya saka muku da alheri, ya ba mu amfanin gona mai albarka.